Garin Gero Da Amfaninsa A Ƙasar Gumel

Kaka ta kama. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar, daga Gumel har bakin iyaka a Maigatari, duk hanyar da mutum ya bi sai ya gamu da amalanke ɗauke da dammunan gero ana kai wa rumbu. Saboda haka a wannan mako za mu bar zancen gona tukuna, mu bi geron nan cikin gida, mu ga abin da ke samunsa tsakanin turmi da tukunya. Gama sau da yawa manomi yakan sha wahalar shuka da noman fari da maimai, ya yi ta korar tsuntsu, sa'an nan mafi kyawun abin da ya noma ya tafi cikin dusa, ko ya lalace a kwano, shi kuwa bai sani ba.

Kowa ya san dalilin da ya sa gero ya zama uban hatsi a ƙasar Lautai. Ƙasar rairayi ce, damina kuwa gajera, ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba. Masara ba ta jure wannan, dawa ma takan gaza in ruwa ya ɗauke da wuri. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wane hatsi ne ya fi tsayawa. Ba kuwa yau ya fara ba. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamar geron da aka noma a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali, wanda ya kai shekara 4,500.

A shekarar 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara guda don gero da danginsa, bisa shawarar ƙasar Indiya. Mutanen Indiya suna noman irin geronmu, suna kuma da wasu ƙananan iri. Akwai wani da suke kira kutki, waɗansu su ce samai, ƙwayarsa ƙanana kamar ta acca, suna dafa shi kamar shinkafa ko su niƙa su yi kunu da waina. Da can abincin talakan ƙauye ne, yau kuwa ana ƙulla garinsa cikin leda ana sayar wa masu kuɗin birni da tsada. Mu da muke da babban wansa cike da rumbu, ga mu muna sayar da shi da kaka mu sayi taliya.

To, mene ne cikin gero? Masu ilmin abinci sun auna. Cikin giram 100 na gero wanda ba a surfa ba akwai kimanin giram 11 na abin gina jiki, watau abin da ake nema a nama da wake. Farar shinkafa tana da kamar giram 7. Akwai mai wajen giram 5, ita kuwa farar shinkafa ba ta kai giram 1 ba, shi ya sa wanda ya sha fura da hantsi yakan kai la'asar yana noma bai ji yunwa ba. Sa'an nan akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Gero ya ninka farar shinkafa a nan sau da yawa, ya kuma fi masara nesa.

Zancen jinin nan ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya duka a 2018 ya nuna yara 68 cikin 100, 'yan wata shida zuwa shekara biyar, jininsu bai cika ba. Mata masu shekarun haihuwa kuwa 58 cikin 100. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu a ciki, amma abinci ma yana da nasa. Yaron da jininsa ya yi ƙasa shi ne za ka ga tafin hannunsa ya yi fari, ba kuzari, ciwo kaɗan ya kwantar da shi.

Ga inda maganar take. Albarkar nan ba a baje take cikin ƙwayar gero ko'ina daidai ba. Farin tsakiyar yawancinsa ƙulli ne mai cika ciki. Man da ƙarfen da yawancin abin kirkin suna cikin fatar baya da kuma idon ƙwayar, watau wurin da tsiro ke fitowa. In uwargida ta zuba gero a turmi ta yi ta surfe har sau biyu sau uku, ta bakace, ta wanke har ruwan ya fito garau, lalle tuwonta zai yi fari, baƙo ya yaba. Amma wa ya ci riba? Akuya, da aka ba dusa da ƙasari. Ai kowa ya ga yadda tunkiyar da ake turkewa da dusar gero take yin ƙiba kafin Babbar Salla. Abin da ya gina ta, daga kwanon yara aka ɗebo shi.

Ba mu ce a daina surfe ba. Gero mara surfe yana da ƙaiƙayi da ƙasa, tuwonsa kuma yakan yi duhu da ɗan bauri. Surfe ɗaya mara zurfi ya isa, a fitar da ƙaiƙayi da datti a bar sauran. Masu kai wa inji su ma su lura, gama injin surfe ya fi taɓarya ci, in ba a ce wa mai injin ya sassauta ba sai ya kankare ƙwayar ta koma fara fat. Haka nan wajen tankaɗe: tsakin da ya rage a rariya kada a watsa wa kaji duka. A maida shi turmi, ko a yi burabusko ko dambu da shi, a zuba zogale da ƙuli-ƙuli.

Akwai kuma wata dabara wadda iyayenmu mata suka daɗe suna yi, ilmin zamani ya zo ya gaskata su. Cikin gero akwai wani abu mai riƙe ƙarfen, ya hana hanji tsotse shi. Jiƙo da tsami suna karya ƙarfin wannan abu. Watau geron da aka jiƙa ya kwana, aka niƙa, aka tace, aka bar ƙullun ya yi tsami don koko, jiki ya fi samun ƙarfensa bisa garin da aka tuƙa nan take. Haka ƙullun wainar gero da ya kwana ya tashi. In an matsa lemun tsami a kunu, ko an dama da garin ƙwallon kuka, abin ya ƙara kyau. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Malaman ofis masu kora kowane abinci da shayi mai kauri, gara su jinkirta shi kamar sa'a guda bayan cin abinci.

Kunun yara shi ya fi bukatar a tsaya a kansa. Yaron da ya kai wata shida ana fara ba shi kunu tare da nono. Cikinsa ƙarami ne. In kunun ya yi kauri ba ya iya sha, sai uwa ta tsinka shi da ruwa, yaro ya cika ciki da ruwa, ya ƙoshi bai ci kome ba. Maganin wannan yana cikin rumbu. A ɗebi gero gwangwani biyu ko uku, a wanke, a jiƙa ya kwana. Da safe a tsane shi, a baza kan tsabtataccen buhu mai laima, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana biyu zuwa uku zai tsiro. Sai a shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje tsiron da saiwar a fece, a daka ya yi laushi. In an dama kunu mai kauri an sauke, ya ɗan huce kaɗan, a zuba ƙaramin cokali guda na garin tsiron nan a juya. Nan da nan za a ga kunun ya saki ya yi ruwa, alhali ba a ƙara masa ko ɗigon ruwa ba. Yaro ya sha kofi guda, ya sami abin da da sai ya sha biyu. A haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin soyayyen waken suya, gama abin gina jikin da ke cikin gero yana da gurbi, wake da gyaɗa da nono su ke cike shi. Wanda ya fara haɗa fura da nono bai yi karatun likita ba, amma ya dace. Sai dai a tabbata nonon tafasasshe ne, ruwan damun kuma mai tsabta.

Kunun kanwa na masu jego kuwa, a yi hattara da yawan kanwar. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura mata da yawa suna zuwa da kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kanwa tare da wankan jego mai tsananin zafi. Geron ba shi da laifi. A rage kanwa, a riƙa sauyawa da kunun tsamiya ko na gyaɗa.

Yanzu ga 'yan kasuwa da ma'aikata masu sayen abinci a ƙarshen wata. Man nan da ya sa gero ya fi sauran hatsi riƙe ciki, shi ne kuma ke sa garinsa saurin lalacewa. Gero a zangarniyarsa yakan shekara biyu ko fi a rumbu mai kyau. Amma da zarar an niƙa shi man ya haɗu da iska, cikin kwanaki kaɗan sai gari ya fara wari, ya yi ɗaci, balle da bazara lokacin da zafin Gumel ke wuce awo 40. Akawun da ya karɓi albashi ya kai rabin buhu inji gaba ɗaya don ya huta, kafin wata ya raba uwargida za ta fara ƙorafi, yara su ƙi tuwon, a ce ai gero ne ba daɗi. A sayi tsaba a ajiye, a riƙa niƙa na kwana uku ko huɗu. In tilas ne a ajiye gari, a ɗan soya tsabar sama-sama a busasshen kasko kafin niƙa, a bar garin ya huce sarai, a zuba a mazubi mai murfi a inuwa. Mai sayen gari a kasuwa kuma ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe kafin ya biya. Mai sayarwa da ke gauraya tsohon gari da sabo, ciniki ɗaya zai yi da kowane mutum.

Abu na ƙarshe, iri. Manomanmu da yawa sun san Sosat, wanda ya fito ta hannun cibiyar binciken noma ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri, ga saurin nuna ga cika zangarniya. A 2018 kuma an fitar da wani iri a Jamhuriyar Nijar mai suna Chakti, aikin masanan ICRISAT da ke da tasha a Sadore kusa da Yamai. An zaɓo shi musamman don yawan ƙarfen da ke cikinsa, wajen miligiram 65 a kilo guda, inda geron da aka saba yake da kamar 47. Yana kuma nuna da wuri. Ƙasar Maigatari da ta hayin iyaka rairayinsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Wanda ke son gwadawa ya tambayi malamin gona na yankinsa tun yanzu, ya nemi iri mai shaida, kada ya dogara ga abin da aka auna masa a tiya ran Alhamis aka ce shi ne. Ya fara da kadada kaɗan gefen geronsa na gado, ya ga yadda zai yi da tsuntsu, gama geron da ya riga na maƙwabta nuna shi jan-baki ke fara sauka a kai.