Keɓaɓɓun Kalmomin Ƙarfi, Motsi da Sauƙaƙan Na'urori a Hausa: Misalai Daga Toranke

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 ake ta ƙoƙarin samar wa Hausa kalmomin da za ta ɗauki ilmin zamani da su. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ƙara wa wannan aiki muhimmanci, domin ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 1987 aka buga jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa, sa'an nan a 1990 aka fitar da ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Kalmomin harshe da adabi sun zauna daram a bakin malamai da ɗalibai. Na kimiyyar ƙarfi da motsi kuwa har yanzu kowane malami da nasa.

Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, Hausa tana da mafi yawan kalmomin da ake bukata, sai dai kowace an ɗora mata kaya fiye da ƙima, ba a keɓe ta ga ma'ana guda ba. Misalanmu za mu ɗauko su ne daga kayan aikin da yaro ke tashi ya gani a Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, maƙwabciyar Gaya, a gabashin Jihar Kano. Tarihin baka ya nuna cewa daga Gaya ne Abagayawa maƙera suka taso zuwa Dala neman tama. Ƙasar da ta haifi maƙeran Kano kuwa ba ta rasa sunayen kayan aiki ba.

2.0 Kalma ɗaya, ma'anoni da yawa

2.1 Ƙarfi

Mu dubi waɗannan jimloli:

(a) Ya tura amalanke da ƙarfi.
(b) Igiyar nan tana da ƙarfi.
(c) Ya sha fura ya sami ƙarfi.
(d) Injin ban-ruwan nan ya fi wancan ƙarfi.

A maganar yau da kullum babu wanda zai ruɗe. A kimiyya kuwa abubuwa huɗu ne daban-daban. Na (a) turi ne ko ja, wanda ake aunawa da niyuton, ma'aunin da ya ci sunan Niyuton, masanin nan na Ingila da ya fitar da dokokin motsi a 1687. Na (b) juriyar abu ce kafin ya tsinke ko ya karye. Na (c) ajiyayyen ikon yin aiki ne, ana auna shi da jul. Na (d) kuwa yawan aikin da ake yi ne cikin daƙiƙa guda, ana auna shi da wat. Abin da masu inji ke kira ƙarfin doki ɗaya kimanin wat 746 ne. Idan malami ya kira duka huɗun ƙarfi, yaro zai haddace ƙa'idojin lissafi ba tare da ya san abin da ya bambanta su ba.

Shawararmu ita ce a bar ƙarfi ga (a) kaɗai, a ba (b) ƙwari, (c) kuzari, (d) kuma saurin aiki. Mun san gidajen rediyo sun saba da makamashi a gurbin (c), kuma ya dace idan ana zancen man fetur da lantarki. To amma asalin makamashi itacen hura wuta ne, alhali dutsen da aka ɗaga sama yana ɗauke da abin da ake aunawa da jul ba tare da yana ci da wuta ba.

2.2 Nauyi

A kasuwa akan ce nauyin buhun gero kilo 100 ne. Kilo kuwa yawan abin da ke cikin buhun yake aunawa, kuma wannan ba ya canzawa ko ina aka kai buhun. Nauyi a kimiyya shi ne ƙarfin da ƙasa ke janyo buhun da shi, watau kimanin niyuton 980. Da za a kai buhun nan duniyar wata, geron ba zai ragu da ƙwaya ɗaya ba, amma nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida. Saboda haka muna ganin a bar nauyi ga janyowar, a kira abin da kilo ke aunawa gundari, kamar yadda ake cewa gundarin magana, watau ainihin abin da ke cikinta.

2.3 Maganaɗisun ƙasa

Marubuta da yawa sukan kira abin da ke sa mangwaro ya faɗo maganaɗisun ƙasa. Wannan suna yana koyar da kuskure. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ba ya kama mangwaro ko ƙwarya. Daɗin daɗawa, ƙasa tana da maganaɗisu na gaskiya, wanda shi ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa. In an ba abin da ke faɗo da mangwaro wannan suna, da me za a kira na allurar? Janyowar ƙasa ta wadatar.

3.0 Motsi

Gudu, sauri da hanzari su ma sukan shiga gurbin juna. Muna ganin sauri ya tsaya ga nisan da aka ci cikin wani lokaci: babur ɗin da ya ci kilomita 20 cikin rabin sa'a saurinsa kilomita 40 ne a sa'a. In an haɗa da inda aka nufa, sai a ce sauri mai alƙibla. Dutsen da aka saki cikin rijiya kuwa, kowace daƙiƙa saurinsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa. Wannan shi za a kira canjin sauri, gama hanzari ba ya ɗaukar ragin gudu, alhali taka birki ma canjin sauri ne.

Yaron da ya ga amalanke ta tsaya da zarar shanu sun tsaya zai ɗauka motsi ba ya ɗorewa sai ana ja. Dokar Niyuton ta farko kuwa ta nuna abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Ƙarfin da ke tare amalanke shi ne na tsakanin taya da rairayi, da na cikin aksul. Sunansa gogayya. Mun guje wa guga ne domin a rubuce ba ta da bambanci da gugan rijiya.

4.0 Jigo da sauran sauƙaƙan na'urori

Ita kanta kalmar na'ura daga Larabci muka aro ta, inda take nufin ƙafar ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda suka shahara a birnin Hama na Siriya. Haka nan ilmin na'urori malaman Bagadaza na ƙarni na 9, kamar 'ya'yan Musa bin Shakir, ilmin hiyal suke kiransa, jam'in kalmar da muka sani da hila. Watau na'ura dabara ce ta sauƙaƙa aiki.

Babu misalin da ya kai jigon lambu bayyana wannan dabara. Sanda ce doguwa da aka ɗaura bisa wani itace da ke kan gwafanni biyu. A dogon gefe akwai igiya da guga, a gajeren gefe kuma curin laka ko dutse. Daga nan muke samun kalmomi huɗu: wurin ɗaurin shi ne madogara, gugan ruwa shi ne kaya, abin da ke ɗaga shi yunƙuri, kowane gefe kuma hannu. A ce gugan ya ɗauki ruwa lita 10, watau kilo 10, hannunsa mita 3, ɗaya hannun kuma mita 1. In aka ajiye nauyin sandar a gefe, curin da zai daidaita gugan sai ya kai kilo 30, domin 10 sau 3 daidai yake da 30 sau 1. Wannan ita ce ƙa'idar da Arkimidis na tsibirin Sisili ya bayyana a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai lambu yana janyo gugan ƙasa da nauyin jikinsa, curin kuma ya ɗago masa shi cike. In gugan ya hau mita 3, curin mita 1 ya sauka, aikin kuwa a kowane gefe jul 294 ne. Ke nan na'ura ba ta rage aiki. Abin da aka samu a ƙarfi a nisa ake biyansa.

In aka karɓi jigo a matsayin sunan wannan rukuni duka, sauran sai su biyo baya. Awartaki, almakashi da mizani madogararsu a tsakiya take. Baro kayansa ne a tsakiya. Hantsakin wanzami kuwa yunƙurinsa ne a tsakiya. Gatari, gizago da kurfin maƙeri rukunin matsagi ne, katakon da ake jinginawa a hau da buhu mota gangara ne, sukuru kuwa gangara ce da aka naɗe a jikin ƙusa.

5.0 Kammalawa

Tun daga shekarun 1980 injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo a mafi yawan fadamu. Ɗalibai da dama a yau sun san jigon waƙa da jigon jam'iyya, ba su taɓa ganin sandar da aka aro sunan daga gare ta ba. In aka yi jinkiri, kalmomin sana'a za su tafi tare da masu su, sai a koma aro abin da da ma muna da shi.

Don haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, a tattara sunayen kayan aiki da sassansu daga bakin manoma, maƙera, masassaƙa da masaƙa a garuruwa irin su Toranke. Na biyu, masana harshe su zauna da malaman kimiyya a keɓe kowace kalma ga ma'ana ɗaya da ma'auni ɗaya, a aro sunayen ma'aunai kamar niyuton, jul da wat yadda duniya ta san su. Na uku, a gwada kalmomin a aji kafin a sa su cikin littafi. Waɗanda muka kawo, musamman kuzari da gundari, mun ajiye su gaban mahalarta wannan taro domin a auna su a gyara.