Yaron da Ya Makara Wajen Zama da Tafiya: Ina Za a Kai Shi a Accra?

A gidajen haya na Kotobabi, Nima da Maamobi, inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya, ba a rasa yaron da maƙwabta ke jin kukansa amma ba su cika ganinsa ba. Ya shekara biyu bai tsaya ba, ko wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai huɗu ba ya kama cokali. Uwa tana kasuwa, uba yana hanyar Kumasi ko Lome, sai a bar shi a ɗaki wurin kaka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Addu'a kam ba a barin ta, amma akwai wani aiki da ake yi tare da ita wanda yawancinmu ba mu san da shi ba.

A asibiti ana kiran masu wannan aiki O.T. Ba su ne masu gashin ƙashi ba, ko da yake sukan yi aiki tare. Mai gashi yana duba ƙarfin gaɓoɓi. Shi kuwa O.T. tambayarsa ita ce: me yaron nan ya kasa yi wa kansa, kuma ta yaya zai iya? Cin tuwo da hannunsa, riƙe buta, sa riga, zama a makarantar allo ba tare da ya faɗi gefe ba. Sana'ar sabuwa ce a Ghana. A 2012 ne Jami'ar Ghana ta fara koyar da ita a Korle Bu, shi ya sa masu yin ta ba su da yawa, kuma sai an tambaya ake samun su.

Inda abin ya dace da mu 'yan kasuwa shi ne, mafi yawan aikin a gida ake yin sa. Za a nuna wa uwa yadda za ta zaunar da yaro a kusurwar ɗaki da matashi ta kowane gefe. A naɗa wa cokali tsumma ya yi kauri don hannu ya kama. A ba shi murafen kwalba ya riƙa jefawa a roba, ko ya tsinci wake daga faranti, ana sa ido kada ya kai baki. Har kujera ana haɗawa da kwalin kaya, irin wanda muke zubarwa a bakin shago. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi zuwa asibiti sau ɗaya a wata a dawo a ajiye shi. Don haka ranar zuwa, a tafi da wadda take wuni da yaron, kaka ce ko yaya.

Ƙofar farko ita ce wurin awon jarirai. Idan yaro ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a faɗa wa nas a Asibitin Maamobi, a nemi takardar turawa zuwa Korle Bu ko asibitin yara na Princess Marie Louise. Ga wanda ya isa makaranta akwai makarantar musamman ta Dzorwulu, ba nisa da mu. Dokar naƙasassu ta 2006 ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda naƙasa kawai, sai in an gwada shi an ga makarantar musamman yake buƙata. Ofishin jin daɗin jama'a na asambili kuma yana rajistar irin waɗannan yara don kason naƙasassu. Kuɗin yakan yi jinkiri, amma wanda bai yi rajista ba ba ya cikin layi.

Masu jego kuma a kula da shawara. Jariri ya yi rawaya a ido a makon farko, a garzaya asibiti ran nan, kada a tsaya shanya shi a hantsi, domin shawarar da ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Kafur ɗin da muke zubawa cikin akwatin kayan jariri yana iya tayar da ita ga wasu yaran, gara a cire shi tun kafin haihuwa.