Haruffan Montserrat: me ya sa ake amfani da su kyauta, kuma mene ne sharaɗin?

Duk wanda ke lura da allunan shaguna, katunan gayyatar biki da tallace-tallacen intanet ya sha ganin wani salon rubutu mai faɗi, wanda harafin O nasa ya yi kusan zama cikakkiyar da'ira. Sau da yawa Montserrat ne, ɗaya daga cikin samfuran haruffa, abin da masu aikin kwamfuta ke kira « police » da Faransanci.

Wata mai zane ƴar ƙasar Ajantina, Julieta Ulanovsky, ita ce ta ƙirƙiro shi, aka sa shi a dandalin Google Fonts a shekarar 2011. Ta samo siffarsa ne daga tsofaffin alluna da takardun talla na unguwar Montserrat da ke birnin Buenos Aires, ta kuma ba shi sunan unguwar.

Irin waɗannan haruffa ana gina su ne da da'ira da miƙaƙƙen layi, ba su da ƴan gezar nan da ake gani a ƙarshen sandunan haruffan Times New Roman. Salon ya yi suna tun 1927, lokacin da Bajamushe Paul Renner ya fito da Futura. Montserrat yana da kauri iri tara, daga siriri kamar zare har zuwa mai kauri sosai, kowanne da takwaransa mai karkata. Ƙananan haruffansa suna da tsayi da faɗi, shi ya sa ake karanta su daga nesa ko a fuskar salula. Sai dai faɗin na cin wuri: ya fi dacewa da kanun labari da alluna fiye da dogon rubutu a ƙaramar takarda.

Abin da ya yaɗa shi a duniya shi ne lasisinsa. Samfurin haruffa manhaja ce mai mai ita, kuma ba kowanne ne kyauta ba. Alal misali Gotham, wanda ya yi kama da Montserrat, kuma aka yi amfani da shi a yaƙin neman zaɓen Barack Obama a 2008, sai an biya kuɗi. Izinin aiki da shi a kwamfuta daban, na shafin intanet daban. Shi kuwa Montserrat yana ƙarƙashin lasisin OFL na ƙungiyar SIL. Kowa na iya sauke shi, ya buga littafi, tambarin kamfani ko riga da shi, ya sayar da aikinsa ba tare da biyan ko dala ba.

Amma akwai sharuɗɗa. Ba a sayar da fayil ɗin haruffan shi kaɗai. Wanda zai ba wani, sai ya haɗa da takardar lasisin. Wanda kuma ya gyara haruffan, dole abin da ya gyara ya ci gaba da zama ƙarƙashin OFL.

Wannan izinin gyara yana da muhimmanci ga Hausa. Samfura da dama ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In babu su, sai kwamfuta ta aro harafi daga wani salo ko ta nuna akwati, wasu kuma su jefar da lanƙwasar gaba ɗaya, « ƙafa » ta koma « kafa », « ɓata » ta koma « bata ». A samfurin OFL, mai ilimin zane na da damar ƙara haruffan da suka ɓace, abin da lasisin samfuran kuɗi yawanci ya hana.

Don haka, kafin mai gidan buga takardu a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya karɓi aikin Hausa, yana da kyau ya duba abu biyu. Na farko, ya karanta lasisin da ke tare da fayil ɗin, musamman in daga kile USB na aboki ya kwafo shi. Na biyu, ya rubuta haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, ya ga ko sun fito daidai. In ba su fito ba, Andika na SIL da Noto Sans na Google suna da su, kuma duka biyun na OFL ne.