Sai an bincike ka kafin a ba ka kare: Yadda ake riƙon karnukan da aka ceto a Birtaniya

A ƙasar Hausa an fi sanin kare da gadi da farauta. A Birtaniya kuwa, mutum kan cike takarda, a yi masa tambayoyi, wani lokaci har a je a duba gidansa, duk don a ba shi ɗan ƙaramin karen da aka tsinta ko aka ƙwato daga hannun masu azabtar da shi.

Aikin ya daɗe. Gidan kula da karnuka na Battersea da ke Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860, ita kuma ƙungiyar Dogs Trust tun 1891 take aiki.

Daga titi zuwa gidan riƙo

Idan aka tsinci kare yana yawo, ƙaramar hukuma kan tsare shi kwana 7 ko mai shi zai bayyana. Idan bai zo ba, ana iya miƙa shi ga ƙungiyoyin ceto.

Sai dai ba kowane kare ne ke jure zaman keji ba. Haushin sauran karnuka da yawan baƙin fuska kan sa wasu, musamman ƙanana da tsofaffi da marasa lafiya, su daina cin abinci ko su laɓe a lungu.

Irin waɗannan ne ake kai wa masu riƙo, wato 'yan sa-kai da ke ajiye kare a gidajensu na makonni ko watanni har a samar masa inda zai zauna dindindin. Galibi ƙungiyar ce ke biyan kuɗin magani, shi kuma mai riƙo ya ba da lokacinsa.

Amfanin wannan zama shi ne a gida ake gane ainihin halin kare. Mai riƙo ne zai san ko yana tsoron yara, ko yana kuka idan aka bar shi shi kaɗai, ko ya koyi fita waje idan zai yi fitsari. Da wannan bayani ake zaɓar gidan da ya dace da shi, domin idan aka yi kuskure, ƙarshenta a dawo da shi, tsoronsa kuma ya ƙaru.

Tambayoyin da ake yi wa mai nema

Awa nawa kake yi a wurin aiki? Gidan naka ne ko haya kake, kuma mai gidan ya yarda? Akwai ƙananan yara ko kyanwa? Katangar bayan gida tana da ramin da ƙaramin kare zai iya bi ya fice?

Idan aka gamsu, sai a haɗa mai nema da karen, sau da yawa a gidan mai riƙo. Daga nan ya biya kuɗin karɓa, ya sa hannu a yarjejeniyar da yawanci ke cewa idan ya kasa, ƙungiyar zai mayar wa, ba ya sayar ba.

Kafin a miƙa kare, akan yi masa rigakafi, a kuma sanya masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai shi. Tun watan Afrilun 2016 doka ta wajabta hakan a Ingila da Scotland da Wales.

Karyar da aka sa wa doka sunanta

A 2013 aka ceto wata ƙaramar karya mai suna Lucy daga wata gonar kiwon karnuka a Wales, inda aka yi ta sa ta haihuwa don a sayar da 'ya'yanta. Zaman ƙunci ya lanƙwasa mata ƙashin baya, ga farfaɗiya, ga gashi ya zube a sassan jikinta. Ta samu wadda ta ɗauke ta, ta rayu har 2016.

Labarinta ne ya ƙarfafa fafutukar da wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya jagoranta. A watan Afrilun 2020 dokar da ake kira Dokar Lucy ta fara aiki a Ingila, inda ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyo ko 'yar kyanwar da ba ta kai wata 6 ba. Mai so sai ya je wurin wanda ya kiwata uwar, ko wurin ƙungiyar ceto.

Ƙanƙanta ba sauƙi ba ce

Masu zama a ƙananan gidaje sun fi neman ƙananan karnuka, amma nauyinsu ba ƙarami ba ne. Nau'o'i kamar Chihuahua da Jack Russell kan kai shekara 12 zuwa 15, sun fi manya saurin kamuwa da ciwon haƙori, wasunsu kuma ƙoƙon gwiwarsu kan goce.

Shi ya sa masu riƙo ke jan kunnen wanda zai karɓa: kwanakin farko karen na iya ɓuya ko ya ƙi abinci. A ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba, a ware masa wurin kwanciya, a rage baƙi, a bar shi ya matso da kansa. Wani cikin makonni yake sakewa, wani kuwa sai ya yi watanni.