Fagagen Yaƙin Cikin Waya Da Musun Samari A Kansu

 

Duk wanda ya bi ta bakin tashar Tambuwal bayan la'asar, ko ya zauna kusa da rumfar mai cajin waya ran kasuwar Kebbe, da wuya ya rasa ganin samari huɗu ko biyar sun haɗa kai wuri guda, kowa ya riƙe wayarsa a gicciye yana danna ta da manyan yatsu biyu, ƙarar bindiga tana fita daga cikinta siririya kamar ana fasa gyaɗa. In suka tsaya kuma sai musu ya tashi. Wanda bai sani ba sai ya zaci a kan ƙwallo suke gardama, alhali kuwa a kan ƙasa ne. Wannan ya ce babu fage irin Nuketown, wancan ya ce ai Crash ne fagen maza, na uku ya ce wanda bai jure Shipment ba bai san wasa ba. Ya kamata malamai da attajirai su san waɗannan sunaye, domin almajiransu da yaran shagonsu ne ke ambatonsu dare da rana.

Wasan nan sunansa Call of Duty, wani kamfani na Amurka mai suna Activision ne ke fitar da shi. Ya fara bayyana a shekarar 2003, a kan kwamfuta, kuma asalinsa kwaikwayon Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila. Tun daga sa'an nan ake ta sake shi iri iri, har a watan Oktoba na 2019 aka fito da wanda ake yi a wayar hannu, shi ne ya iso garuruwan nan. Yadda ake yinsa kuwa, ana raba mutane gida biyu, galibi biyar da biyar, kowa yana kallon duniyar wasan ta idon sojansa, ba ya ganin kome na jikinsa sai hannuwa da bakin bindiga. Abokan wasan ba lalle su kasance gari ɗaya ba, intanet ke haɗa su, har yaron Dogon Daji ya yi rundunar ɗaya da na Alƙahira ba su san juna ba. Wurin da ake zuba su su yi faɗa shi ne abin da ake kira taswira. Ba taswirar takarda ba ce, gari ne sukutum da aka zana, da gidaje da lunguna da matakala, kuma ba ya sakewa: inda taga take jiya nan take gobe.

Fagagen farko sunayen wurare ne na gaskiya. Akwai Carentan, wani ƙaramin gari a arewacin Faransa inda sojan Amurka da na Jamus suka kara a watan Yuni na 1944. A fitowa ta biyu, ta shekarar 2005, aka kawo Toujane, ƙauyen Musulmi ne a duwatsun kudancin Tunisiya, kusa da inda Ingilishi suka yi artabu da Jamusawa a 1943. Masu wasan wancan zamani sun ƙaunaci Toujane ƙwarai saboda soraye: mutum na iya hawa rufin ɗaki ya tsallaka zuwa wani, ya leƙa titi daga sama, kamar dai yadda yaro ke bin kan katanga a tsohuwar unguwa. Wani wasa mai kama da wannan, Battlefield 1942, wanda mutanen Suwidin suka ƙera a 2002, shi ya zaɓi faɗi: ya kawo hamadar El Alamein ta Masar, da tankokin yaƙi da jiragen sama, mutum har 64 a fage ɗaya.

To, amma waɗanda samarin yau ke musu a kansu ba su da faɗin nan. Nuketown, wanda ya fito a 2010, gida biyu ne kurum suna fuskantar juna, da mota safa da babbar mota a tsakani, da mutum-mutumi a tsaitsaye ko'ina. An kwaikwayi irin gidajen da Amurka ta gina a hamadar Nebada cikin shekarun 1950 don ta ga abin da bom ɗin nukiliya zai yi musu. Crash, na 2007, gari ne irin na ƙasashen Larabawa, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo a tsakiyarsa, ga wani bene hawa uku wanda duk rundunar da ta riƙe shi ta riƙe wasan. Shipment, shi ma na 2007, ya fi su ƙanƙanta duka: fili murabba'i da 'yan kwantenoni, ba wurin ɓuya, ba wurin gudu, mutum bai gama miƙewa ba an harbe shi. Rust kuma, na 2009, ma'aikatar mai ce a cikin rairayi da hasumiya a tsakiya, can samari biyu ke zuwa in suna son raba gardamar wa ya fi wani.

In mai hankali ya duba abin da ya haɗa fagagen nan huɗu, zai ga abu uku. Ƙanana ne, ba a daɗewa ana neman abokin gaba, wasa ɗaya galibi bai wuce minti goma ba. Sa'an nan an daidaita su da gangan: masu zanen sukan yi hanya uku, dama da hagu da tsakiya, su auna tafiyar kowace runduna don kada wata ta riga wata isa wuri mai kyau. Na ukun shi ne babba, watau wanda aka kashe yana dawowa nan take. Ya faɗi, daƙiƙa kaɗan ya tashi a wani lungu da bindigarsa cike. Saboda haka ne ƙaramin fage ya fi daɗi, domin mutuwa a cikinsa ba ta da farashi, sai dai lissafi a saman allo.

Biyu na farkon ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan langa ma sukan share dandali su ja layi, su raba 'yan wasa daidai, kowa ya kama ƙafa ɗaya, a tsare ruwa har ya kai inda aka shata, kuma in fili ya karkata ga wani gefe ba wanda zai yarda a fara. Masu dara sukan tona gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ba a ƙara wa wani ko ɗaya. Wasa ba ya zama wasa sai da adalcin fili. Wannan kam hikima ce, ba abin zargi ba.

Sai dai fagen yaƙi na gaskiya akasin haka yake, kuma mutanen wannan yanki ba su bukatar a je Turai a samo musu misali. Jarumi na gaskiya ba ya neman fili daidai, nemansa shi ne filin da zai karya ƙarfin abokin gabansa. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu lifidi da Buzaye, jama'ar Shehu Usmanu kuwa mafi yawansu 'yan ƙasa ne masu baka, dawakinsu 'yan kaɗan, Abdullahi ɗan Fodiyo yana jagorancinsu. Ba wanda ya raba su biyar da biyar. Allah Ya ba su nasara, Yunfa ya gudu. Shekara ta gaba, 1805, aka yi Alwasa a ƙasar Kabi, inda aka karya jama'ar, suka ja da baya zuwa Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa. Abin da ya tsaya musu bayan ikon Allah shi ne ƙasar wurin: tuddai da duwatsu, inda doki da raƙumi ba su iya sukuwa, mai kibiya kuwa yana samun inda zai laɓe. Nan aka mai da maharan baya. Gwandun nan ba ta da nisa da Tambuwal, mai babur yana zuwa ya dawo kafin azahar. Ita kanta Tambuwal ribaɗi ce, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna cikinta don tsaron wannan sashe, kuma ba a kafa ribaɗi sai an duba hanya da ruwa da inda hari ke ɓullowa.

Amma inda bambancin ya fi tsanani shi ne Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen 1804. Masu tarihi sun ambata cewa jama'a ta rasa mutum wajen 2,000 a ranar, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Duk malamin da ya taɓa ɗaukar yaro tun daga babbaƙu har ya kai shi sauka, balle hadda, ya san shekarun da ke cikin mutum ɗaya daga waɗannan. Ba ɗayansu da ya tashi a wani lungu bayan daƙiƙa biyar. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

Ko yaƙin Hitilan da aka gina wasan a kansa, 'yan ƙasar nan sun shiga shi da jikinsu. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Bama, suka shiga Myohaung a watan Janairu na 1945, Hausawa da yawa a cikinsu. Har yau akwai barikin soja mai wannan suna a Ikko, akwai na Dalet a Kaduna, akwai na Chindit a Zariya, duk tunawa da wancan yaƙi. Saurayi yana iya lissafa tagogin Crash ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ta wace kusurwa ake jefa gurneti ya faɗa kan bene, amma a tambaye shi ina kakansa ya samo lambar da ke cikin tsohuwar adaka, sai ya yi shiru. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Wanda ya haddace lunguna ashirin na garin da babu shi, ya nuna yana da kan haddace wani abu dabam.

Game da hukunci kuwa, malamai sun san Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana wasan nardi da shaɗaranji, ta kuma halatta tseren dawaki da raƙuma da gasar harbin kibiya. Wasu samari sukan kafa hujja da na biyun, su ce ai su ma harbi suke koyo. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin mai gasar kibiya damtsensa da idonsa ke ƙaruwa, wannan kuwa babban yatsa kaɗai. Amma kuma ba daidai ba ne a yi gaggawar haɗa kome a buhu ɗaya. Abubuwan da ya kamata a duba a fili suke. Na farko salla: wasan da aka shiga da mutum tara ba ya tsayawa don an yi kira, kuma wanda ya fita ya bar abokansa ana zarginsa, har tsarin wasan kan rage masa daraja, to ta nan ne magariba ke kuɓucewa. Na biyu kuɗi, kuma wannan attajirai ya fi shafa. Shiga wasan kyauta ne, amma a cikinsa akwai wata ƙuri'a da ake saye da kuɗi na gaske, a juya, ko a sami bindiga mai ado ko a sami tarkace, kowane juyi kuma ya fi na bayansa tsada. Biyan kuɗi tabbatacce a kan abin da ba a san mene ne zai fito ba, kowane ɗalibin babin ciniki ya san sunansa. Mai shagon da ya ga cinikin yini yana raguwa kaɗan kaɗan, yaron shago kuma kullum yana sayen kati, ya dace ya tambaya da lalama kafin ya yi zargi.

Akwai na uku wanda ya shafi fagagen kansu. Masu zana su ba Musulmi ba ne galibi, sukan ɗebo rubutun Larabci su manna don ado ba su san abin da ya ƙunsa ba. A shekarar 2012 kamfanin ya janye wani fage mai suna Favela na ɗan lokaci, bayan Musulmi sun gano wani hadisi mai ɗauke da sunan Allah a jikin allon hoton da aka rataye a makewayi. A 2021 kuma aka ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin wata fitowar mai suna Vanguard. Duka biyun kamfanin ya ba da haƙuri ya cire. Waɗanda suka gano kuwa 'yan wasa ne da suka iya karanta Larabci, ba wasu hukumomi ba.

Sa'an nan ga halin da ake ciki. A 'yan shekarun nan 'yan bindigar daji sun sha afka wa ƙauyuka a ƙasar Kebbe da ta Tambuwal, sun kashe, sun sace mutane da dabbobi, har wasu manoma sun bar gonakin nesa. Babu hujjar cewa wasan waya ne ya haifi wannan masifa, waɗanda ke cikin daji ba daga rumfar caji suka koyo ba. Amma a rumfa ɗaya ana iya samun yaro biyu, ɗaya ɗan cikin gari yana dariya don ya harbi goma a Shipment, ɗaya kuwa iyayensa sun yi hijira daga ƙauye, ya san yadda ƙarar nan take in ta fito daga bayan dangar gidansu da tsakar dare. Na biyun yakan san abin da Abdullahi ɗan Fodiyo da mutanensa suka sani a Gwandu: wace hanya ce ke da kwazazzabo, wane rafi ne babur ba ya ƙetarewa da damina, wane tudu ne ake hango ƙura daga kansa. Da yawa daga dattawan Kuchi da Sanyinna da Jabo suna riƙe da irin wannan sani na ƙasarsu, kuma ba a rubuta shi a wata taswira ba.