Buhu 6 da Mudu 6 Ba Su Zama 12

Iyaye da yawa sukan kau da kai da zarar yaro ya buɗe littafin aikin gida sun hango x a ciki. Alhali abin da ke kayar da ɗaliban ƙaramar sakandare a aljabara, kowane mai awon hatsi a kasuwa ya san shi.

Ga irin tambayar da malamai ke bayarwa. Alwatika ce, tsawon gefenta uku 2x + 3, da 3x − 1, da x + 4, an ce a nemo kewayenta. Kewaye dai haɗa gefen ukun ne. Masu x su tsaya wuri guda, su ba da 6x. Lambobin da ke tsaye su kaɗai, 3 a cire 1 a ƙara 4, su ba da 6. Amsa ita ce 6x + 6. Nan ne yara ke tuntuɓe, don ganin amsa mai gaɓa biyu ba ya kwanta musu, sai su cakuɗa su rubuta 12x. To amma x buhu ne da ba a san mudu nawa ke cikinsa ba, kuma babu mai hankalin da zai haɗa buhu 6 da mudu 6 ya ce 12.

Uban da bai yi boko ba ma zai iya taimakawa: ya sa yaron ya faɗi aikin da baki. Da Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babu x ko ɗaya a ciki, jimloli ne zalla, kuma babban kaso na littafin kan rabon gado da wasiyya ne.

Sai gwaji, wanda yara suka fi ƙi. Idan an ce kewayen santimita 30 ne, x zai zama 4, gefen kuma 11, 11 da 8. A haɗa a gani.

Alamar cirewa ta fi kowa mugunta. In an ba da kewaye da gefe biyu, aka ce a nemo na uku, jimlar gefe biyun farko, wato 5x + 2, gaba ɗaya za a cire daga 6x + 6. Yaron da ya cire 5x ya bar 2 ɗin tana ƙaruwa zai samu x + 8 maimakon x + 4, kuma wannan kuskure yakan bi ɗalibi har zauren jarrabawar WAEC.