Yadda Ɗalibin Aikin Otal Yake Koyo

Makarantar koyon aikin otal ta farko a duniya, wadda aka buɗe a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan a 1893, cikin wani otal da ke bakin tafki ta fara karatu. Da Jami'ar Cornell ta Amurka ta kafa nata sashen a 1922, ita ma daga baya ta samu otal a cikin harabarta inda ɗalibai ke yi wa baƙi na gaske hidima. Haka Kwalejin Utalii ta Nairobi, wadda aka buɗe a 1975, take da otal nata na kanta. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa ba a koyon gyaran gado ko ɗaukar faranti uku a hannu ɗaya daga kan allo.

Sai dai akwai wata magana da ta yi farin jini a wajen malamai, wadda ake yawan haɗa ta da wannan, alhali dabam take. Wai kowane ɗalibi yana da nasa salon koyo: wani sai ya gani, wani sai ya ji, wani sai ya karanta ya rubuta, wani kuma sai ya taɓa da hannunsa. Wani malami ɗan ƙasar New Zealand, Neil Fleming, shi ya tsara wannan rabon gida huɗu a 1987. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga ɗalibin da lissafi ke ba wuya, don ya samu abin fakewa: "Ni ai ɗan aikin hannu ne."

A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka yi a kan batun, ba su samu gamsasshiyar hujjar cewa koyar da ɗalibi ta hanyar da ya fi so tana sa ya fi fahimta ba. Son hanyar gaskiya ne, kowa da abin da ya fi masa daɗi. Amma daɗi dabam, fahimta dabam.

A ganina, darasin ne ya kamata ya zaɓi hanyar koyar da shi. Yankan albasa da wuƙar kuku sai an riƙe wuƙar, ko da ɗalibin sarkin karatu ne. Fitar da kuɗin da farantin shinkafa ɗaya ya ci, tun daga mai da gas har ladan ma'aikata, sai an zauna da biro da takarda, ko da ɗalibin ba ya iya zama wuri ɗaya. Akwai ma abin da ido ba ya gani sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyas. Miyar da ta wuni a haka za ta iya kwantar da baƙi ba tare da ta sauya kala ko ƙamshi ba. A nan gani bai kori ji ba, dole a faɗa wa ɗalibi, ya kuma haddace.

Abin da yake da hujja mai ƙarfi shi ne sa ɗalibi aiki a lokacin darasi maimakon ya zuba wa malami ido. Scott Freeman da abokansa sun tattara bincike 225 a 2014, suka ga cewa kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa a azuzuwan lacca zalla, amma inda ake sa su tattaunawa da warware matsala adadin ya sauko kusan kashi 22. A darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci aka yi binciken, ba a kicin ba, amma in har ya yi aiki a can, ina ga sana'ar da kusan dukkanta yi ne?

Kuma yi kaɗai bai wadatar ba. David Kolb, a littafinsa na 1984, ya nuna cewa bayan an yi abu sai an waiwaya an yi tunani a kansa, a fitar da ƙa'ida, sannan a sake gwadawa. Nan ne ake yawan samun giɓi a shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da shi a Nijeriya tun 1973. Ɗalibar da ta shafe watanni tana wanke-wanke a bayan otal, ba wanda ya taɓa tambayarta me ta lura da shi, aikatau ta yi.

Tambayar nan kuwa ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Malami na iya jawo tebur ɗaya, ya sa wani ɗalibi ya zama baƙon da ya iso tsakar dare ya tarar an ba wani ɗakin da ya biya, wata kuma ta zama mai karɓar baƙi. In sun gama sai a juya ga sauran ajin: wace kalma ta fara fita daga bakinta? A ina ran baƙon ya ƙara ɓaci? Wa zai biya kuɗin ɗakin da za a nema masa a wani otal? Daga nan su musanya matsayi, su sake daga farko.